Jimlar da Ba Ta Lalace Ba

A asibitin nan, kowa Injiniya yake ce masa, har babban likita. A fayil ɗinsa na ofis kuwa, abin da aka rubuta tun ranar da aka ɗauke shi bai canza ba: mataimakin ma'aikacin gyara. Wanda yake taimaka wa ɗin ya yi ritaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya bar masa ɗakin da ke ƙarƙashin bene, kusa da wurin wanki. Tebur ne na ƙarfe, da taga ɗaya mai kallon ƙafafun masu wucewa, da kanta cike da notuna a gwangwanayen madara. Nan ake sauko masa da keken marasa lafiya da ya karkace, da gadon da ya ƙi ɗagawa, da na'urar zuƙo majina da ta shaƙe. Shekara ashirin da huɗu yana karɓa yana mayarwa.

Sai takarda ta zo daga sama. Duk mai taɓa kayan da ake sa wa marar lafiya, dole ya nuna difloma, ko ya nuna shaidar cewa kwaleji ta ɗauke shi karatu. Wa'adi ƙarshen shekara. Wanda bai kawo ba, a sallame shi.

Bai yi gardama ba. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne, kuma karatu a makare ba baƙonsa ba ne, don sai da ya kai shekara talatin da takwas ya gama sakandare a ajin yamma na manya. Ya zauna jarrabawar shiga kwalejin fasaha a farkon shekara. Lissafi ya ci, kimiyya ya ci. Turanci ne ya kayar da shi. Tambaya arba'in ce, kwalejin tana son ashirin da huɗu, ya samu goma sha bakwai. Zama ɗaya ya rage kafin wa'adi ya cika.

Haka ya tsinci kansa a ajin share fage, a saman wani shagon fenti, kan benci ɗaya da yara sa'o'in 'yarsa. 'Yar tasa ma tana ciki, don ita ma bana za ta zauna. Ranar farko, suna hawa matakala, ya ce mata a hankali:

"Uwata, in mun shiga kada ki riƙa ce mini Baba."

"To me zan ce? Ɗan ajinmu?"

"Kada ki ce komai."

"Baba, furfurarka ma ta isa ta tona maka asiri. Ni ba ruwana."

Malamar ajin siririya ce mai tabarau, hannun rigarta kullum fari fat da alli. Ba ta da hayaniya. Takan rubuta doguwar jimla a allo, ta ce kada kowa ya tsorata da tsawonta. A nemo aikatau tukuna. In an same shi, a bi baya a nemo wanda ya yi aikin, a tsallake duk tarkacen da aka cusa a tsakaninsu, sannan a duba: in mai aikin tilo ne, aikatau ya bi shi a tilo, in jam'i ne, jam'i. Wannan ya shiga kan Injiniya nan take. Ai bin waya ne daga filogi zuwa inji. Ya gane inda waƙafi yake iya riƙe magana da inda sai aya. Ya gane wakilin sunan da bai san wa yake wakilta ba. Cikin wata guda, in Malama ta yi tambaya aji ya yi tsit, wurinsa take juyawa.

"Injiniya, taimaka wa 'ya'yanka."

Ya miƙe, ya gyara hula, ya faɗi amsa da dalilinta, ya zauna. Yaran baya su yi ta tafi a ƙarƙashin benci.

Amma duk Asabar in aka yi gwaji irin na ainihi, da agogo da takardar amsa mai da'irori, makinsa ba ya motsi. Sha bakwai. Sha tara. Sha takwas. 'Yarsa, wadda rabin dokokin ma ba ta iya faɗarsu da baki ba, tana kwasar talatin.

"Ni dai in na karanta na ji ta zauna daidai, sai in wuce," in ji ta wata safiya suna shan shayi, takardunsu baje tsakanin kofuna.

"Ji ba awo ba ne," in ji shi.

Matarsa tana yanka burodi, ba ta ɗago ba ta ce, "Rabu da babanki. Mutumin da na sayo sabon dutsen guga, ko wuta ban sa masa ba, na shiga wanka na fito na tarar ya kwance shi a kan tabarma, hanjinsa a waje."

"Wayar cikinsa ba ta ɗauru da kyau ba."

"Kin ji ko? Har gobe bai yarda ba."

Suka yi dariya, shi ma ya murmusa. Da ya tashi zai fita ta biyo shi bakin ƙofa da jakarsa. Ba ta ce komai game da wa'adin ba. Tun da takardar ta zo ba ta taɓa ambatarsa ba, sai dai ya lura ta daina maganar gyaran rufin ɗakin baya.

Saura mako uku jarrabawa, Malama ta ce ya tsaya bayan an tashi. 'Yarsa ta jira a matakala. Malama ta ciro takardun amsarsa guda shida, ta jera su a kan tebur gefe da gefe.

"Baba, na kwana biyu ina neman inda kake zubar da maki. Na duba ko waƙafi ne, ba shi ba ne. Na duba ko lokaci ne ba ya isarka, kana gamawa. Jiya ina tattara su sai idona ya faɗa a kai. Kada ka karanta komai. Ka ja baya ka kalle su kawai."

Ya ja baya. Kowace tambaya da'ira huɗu ne a jere, ya cike ɗaya da fensir. Baƙaƙen ɗigo sun warwatsu a layi na biyu, da na uku, da na huɗu. Layin farko kuwa fari ne tas, daga sama har ƙasa, a duka takardu shidan.

"Tambaya ɗari biyu da arba'in," in ji Malama. "Ko sau ɗaya ba ka taɓa ɗaukar zaɓin farko ba. Me zaɓin farko yake cewa?"

Ya sani sarai. A kowace tambaya akan ja layi a ƙarƙashin wani yanki na jimla, a ba da gyara iri uku. Na farko shi kaɗai ne ba gyara ba.

"A bar ta yadda take," ya ce.

"To me ya haɗa ka faɗa da shi?"

Ya ɗora yatsa a kan farin layin.

"Malama, wanda ya ja layin nan ai ya ga wani abu ne. Mutum ba ya sauko da kaya daga hawa na uku don ya nuna mini suna aiki. In na duba ban ga ciwon ba, ni ne ban iya dubawa ba. Sai in sake dubawa."

"In ka sake ba ka gani ba fa?"

"Sai in ɗauki wanda ya fi kama da gyara."

Malama ta cire tabarau ta murza idanu. "Masu jarrabawar nan ba marasa lafiya ba ne, Baba. Da gangan suke kawo maka mai lafiya su ga ko za ka ɓata ta. A arba'in ɗin nan, tara ko goma ba abin da ya same su. Kai kuma kullum kana ɗaukar su ka karya da hannunka. Ga makinka nan da kake nema, a layin da ka ƙi taɓawa."

Ya yi godiya, ya sauka. A hanya 'yarsa ta yi ta jan sa da hira, yana amsawa da ka.

Sanin ciwon bai warkar da shi ba. A gwajin Asabar ta gaba ya zo kan jimlar da bai ga aibunta ba, ya kai fensir kan da'irar farko, sai ya ji kamar ya mayar da na'ura sama ba tare da ya buɗe ta ba. Ya cike, ya goge, ya cike ta uku. Sau biyu kacal ya iya barin ta farko. Ya samu ashirin. A gwajin ƙarshe ya ce bari ya saki jiki, ya yi ta cike ta farko duk inda ya ji shakka, har goma sha bakwai. Ya samu sha tara. Malama ta miƙa masa takardar, ya ninke ta ya sa a jaka.

Ranar Litinin, saura kwana biyar, yana ɗaure birkin wani keke sai ya ji takun takalmi a matakala. Sistar ɗakin maza ce da kanta. Mace ce mai jiki da murya, shekararta kusan ɗaya da tasa a asibitin, kuma bai taɓa ganin ta sauko nan ba, aike take yi. Ta dire na'urar awon hawan jini a kan teburinsa, irin mai agogo da famfon roba.

"Injiniya, wannan abar ƙarya take yi. Duba mini ita yanzu, ina jira."

"Sannu da aiki, Sista. Me take yi?"

"Hawa take yi kamar farashin kaya. Buɗe ta dai."

Hannunsa ya riga ya ɗauki sukundireba. Ya san abin da zai yi, don ya yi shi ba adadi: ya kwance bayanta, ya hure ƙura, ya canza 'yar robar bakin bututu, ya ɗaure, ya ce an gyara. Amma ƙa'ida ita ce a gwada kafin a buɗe, ko da yake ya daɗe da mayar da gwajin bayan buɗewa. Ganin tana tsaye a kansa, ya ce bari ya bi ƙa'ida. Ya jona ta da ma'aunin da yake ajiye a akwati, wanda ake gwada sauran da shi. Ya matsa famfo har allurai biyu suka kai hamsin. Daidai. Ya kai su ɗari da hamsin. Daidai. Ya kai ɗari biyu da hamsin, ya saki famfo, ya zuba ido ko iska za ta zurare. Allurar ta tsaya cak. Ya sake yi daga farko. Ya sake na uku.

Sukundireban yana hannunsa har yanzu. Ya juya na'urar, ya dubi notunan bayanta guda huɗu.

"Sista, a hannun wa kika gwada?"

"Ina ruwanka da hannun wa? Kai likita ne?"

Ya jira. Injin wanki yana ta gurnani a ɗakin da ke gefe.

"Nawa," ta ce daga baya, muryarta ta sauka. "Kaina ne ya dame ni tun jiya. Ɗari da casa'in ta nuna. Ni da nake kan ƙafata tun asuba, ina zan kai ɗari da casa'in? Ka buɗe ta ka ɗan taɓa wani abu, Injiniya. Ai kullum kana samun abin taɓawa."

Maganar ta shige shi fiye da yadda ta yi nufi. Kullum yana samu. Ya tuna na'urori nawa ya buɗe a kan teburin nan bai ga komai ba, ya canza roba mai kyau da roba mai kyau, don kada mai kawowa ya koma hannu wofi, don kada shi ma a ce bai iya ba. Ya kuma san in ya buɗe wannan ya ce an gyara, za ta haye sama ta ce da ma na faɗa, ta haɗiye maganin ciwon kai, ba za ta sake ɗaura ta a hannunta ba.

Ya ajiye sukundireba.

"Na gwada ta a wuri uku, sau uku. Ba abin da zan taɓa a jikinta. Abin da ta nuna miki, shi ne."

"Kai dai ka ce ka gaji da aiki."

"Ki yi haƙuri, Sista. Ki je likita ya gan ki yau, don Allah."

Ya ɗauki 'yar takardar da ake ɗaura wa kayan da suka fito daga gyara. Inda aka bar fili don a rubuta abin da aka yi, ya rubuta: an gwada, ba a buɗe ba. Ya sa hannu. Ta fizgi na'urar ta haye, ko sallama babu. Washegari ya ji a bakin masu wanki cewa an ba ta gado a ɗakin mata. Bai je dubiya ba, ya san ba za ta so ya gan ta a kwance ba.

A ranar Litinin ɗin, lokacin hutun rana, ya ture keken gefe ya buɗe tsofaffin takardun gwaji. Abin da ya ba shi ƙarfin ajiye sukundireba ba jin zuciya ba ne, awo ne a wuri uku. Ya ɗauki fensir ya rubuta a bayan wani katin aiki: mai aiki da aikatau sun dace? Wakilin suna ya san mai shi? Waƙafi da aya suna inda ya kamata? Ya tsaya, ya ƙara na huɗu, don Malama ta sha nanata shi: lokacin aikin bai yi tsalle ba? Ya bi tambaya arba'in da katin a gefe. Duk jimlar da ta wuce huɗun, ya karanta gyare-gyaren uku sau ɗaya, in babu wanda ya nuna masa abin da ya tsallake, ya bar ta yadda take. Da yamma ya ba 'yarsa ta duba.

"Ashirin da shida." Ta sake ƙirgawa. "Baba, ko dai ka leƙa bayan littafi?"

"Ke, ki kiyaye ni."

Ranar jarrabawa aka raba su, ita a hawa na biyu, shi a babban zaure mai tebura ɗari da wani abu. An hana shiga da kati, amma huɗun suna kansa. Tambaya ta uku ta wuce awo, ya cike da'irar farko. Ta bakwai ma haka. Sai ta takwas ita ma ta wuce. Biyu a jere. Ya sake auna ta, ya sake, agogon bango yana cin lokacinsa. Ya cike ta farko ya wuce, yana jin kamar ya bar noti a kwance cikin injin.

Ya gama saura minti shida. Ya ƙirga na layin farko, goma sha ɗaya. Malama ta ce tara ko goma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ta talatin da ɗaya, doguwar jimla a kan wasu masu binciken ƙasa. Bai ga komai ba. Amma sha ɗaya ta yi yawa. Ya goge, ya cike ta uku. Ya kai hannu kan ta takwas zai goge, sai mai tsaron zauren ta ce a ajiye fensir.

A bakin ƙofa 'yarsa ta tare shi da ruwa a gora.

"Ta talatin da ɗaya, me kika sa?"

"Ta masu haƙa ƙasa? Ai ba abin da ya same ta." Ta dubi fuskarsa. "Baba. Ba dai ka taɓa ta ba?"

"Sha ruwanki mu tafi."

Mako huɗu aka yi ana jira. Ya ci gaba da sauka ɗakinsa kowace safiya. Ya kammala duk gyaran da ke kan kanta, ya rubuta sunan abin da ke cikin kowane gwangwani a jikinsa, yadda duk wanda ya gaje shi ba zai sha wahalar nema ba. Matarsa ta ga yana dawo da 'yan kayansa gida ɗaya-ɗaya, tsohuwar rediyo, kofin shayinsa, ta karɓa ta ajiye.

Sakamakon ya fito ranar Laraba da hantsi. 'Yarsa ce ta kira shi a waya, tana magana da sauri. Ita talatin da uku. Shi ashirin da biyar.

"Ashirin da nawa?"

"Da biyar, Baba! Biyar! Ɗaya ka ɗora a kai. Mama tana nan ta zauna a ƙasa, ta ƙi tashi."

Takardar ɗauka ta iso bayan kwana tara, saura mako biyu wa'adi ya cika. Ya sa ta a sabon ambulan ya hau hawa na uku, ofishin ma'aikata. Sakataren, wani mai sanƙo da bai cika ɗago kai ba, ya karanta ta har ƙasa, ya juya bayanta, ya buga hatimi.

"Ajin yamma, kwana uku a mako, shekara biyu. Ka san in ka faɗi zango ɗaya takardar nan ta mutu?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Shekararka nawa yanzu?"

"Arba'in da tara."

Sakataren ya ɗago ya dube shi sosai, karo na farko. Ya zura takardar a fayil ya rufe.

"To, Allah ya taimaka. Ka koma bakin aikinka."

Ya fito ya kama matakala. A tsakanin hawa na biyu da na ɗaya ya tsaya. Ya zauna a kan matakalar, ya dafa ƙarfen gefe, yana kallon bango. Mutane suna hawa suna sauka, suna raɓa shi. Wata dattijuwa mai shara ta iso da bokiti da tsumma a sanda, ta tsaya a kansa.

"Injiniya, jiri ne? In kira wani?"

"A'a, Iya. Hutawa nake yi."

"A nan? Duk kujerun asibitin nan?" Ta matse tsumman a bokiti. "To ɗaga ƙafafunka in wuce."

Ya ɗaga su, ya riƙe a sama har ta goge matakalar ta sauka ta gaba.